Abin da Teodosia ta Gani a Fulogi

A Lima na sayo shi, can bakin teku,
inda iska ke da kauri kamar kunu.
Na ɗaura masa salansa mai tsawa,
na sa aka yashe silinda, aka zura fistin mai faɗi.
Kuɗin dakon wata bakwai suka tafi a rana ɗaya.

Can ƙasa ba ya jin kira.
In na murɗa totur, 'yan tasi sai harara,
ni kuwa ƙirji a buɗe, ina cin hanya.

Sai uwata ta aiko: Wilber, dawo gida,
ƙafar babanka ta ƙi, cuku ya taru a rumfa,
ba mai kai shi kasuwar Huancavelica,
kai ga abin hawa, mu ga kaya.

Na kama hawan dutse, kwana bayan kwana.
Inji ya soma tarin tsofaffi,
ya shaƙe, ya yi aman baƙin hayaƙi,
ya mace a gaban garken lama masu dogon wuya.
Suka dube ni suna tuƙa. Na sha kunya.

Da turi na kai shi garejin Teodosia,
gajerar mace, malafa a ka, kitso biyu har ƙugu,
baƙin mai ya yi gida a tsagar hannunta.
Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance fulogi,
ta ɗaga shi ga haske, ta shafa da yatsa:
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Nan sama iska 'yar kaɗan ce, yaro.
Ka ba shi cikin giwa, ga numfashin kaza."
Ta buɗe kafireta, ta zaro ƙwayar tagulla,
ta sa wata mai ƙaramin rami,
ta sauke allura mataki guda,
ta kara kunne, tana juya sukudireba
kamar mai laluben tasha a rediyo,
har inji ya samu murya.

Sannan ta tsuguna, ta dubi ƙasa.
"Waɗannan fa? Sumul kamar tafin jariri.
Na kwalta ne, na burgar birni.
Hanyar ƙauyenku laka ce da tsakuwa,
dama dutse, hagu ba komai sai gajimare."
Ta gangaro da wata mai haƙora birjik.
Na ƙirga na aljihu har sau biyu:
guda ɗaya tak zan iya saya.

Na ce a sa ta a baya, can ƙarfi yake.
Ta ja tsaki.
"In baya ta zame, ƙugunka zai gyara.
In gaba ta zame, sai an sauka da igiya."
Ba ta ƙara ba, sai da tana ɗaure noti,
kanta a sunkuye:
"Eleuterio nawa ma cewa ya yi baya."

Ran Asabar sama ta yage.
Cuku talatin a akwati, ruwa na dukan ido,
gangare na jan mu kamar mai bin bashi.
A kwanar da aka kafa ƙaramin gicciye
baya ta wulla, ta nufi bakin kwazazzabo,
gaba ta kafa haƙori a laka, ta ƙi saki.
Cuku guda ya fice, ya mirgina, ya faɗa.
Na kashe inji, na tsaya ina saurare.
Har yau ban ji inda ya sauka ba,
kamar an jefa shi bayan duniya.

Litinin na kwance salansa na kai mata.
Ta rataye ta a bango kusa da wasu shida,
ta mayar mini da irin ta kamfani,
ta miƙo mini ɗayar taya.

Yanzu babur ɗina ba ya tashin kowa.
Uwata ba ta sanin na iso
sai kare ya fito yana kaɗa wutsiya.